MURA MAI TSANANI DA ABIN DA TA KE YI WA ZUCIYA

Kai kuma da ke zaune bisa benci a ɗakin shan magani kana jira a kira ka, in na kusa da kai bai iya karatu ba, ɗaga murya kaɗan ya ji.

Yau maganarmu a kan mura ce. Na san wani zai ce, "Haba Malam, mura har ciwo ce?" Gaskiyarka, yawancin mura ba ta wuce atishawa da yoyon hanci da ɗan ciwon kai, kwana biyar ko bakwai ta tafi, ko an sha magani ko ba a sha ba. Ba ita na ke nufi ba. Wadda na ke nufi ita ce mai kayar da ƙato, mai zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da tari, wadda ta kan gangara daga maƙogwaro ta shiga huhu. Ba sanyin hunturu ke kawo ta ba, ko da ya ke ƙura da cunkoso cikin ɗaki a rufe suna taimakonta. Wata ƙwayar cuta ce da a ke kira bairus, wadda ƙanƙantarta ta kai ko madubin da mu ke duba jinin zazzaɓin cizon sauro da shi ba ya nuna ta. Tana bin numfashi da tari daga mutum zuwa mutum.

Ƙasarmu ta san ta tun da daɗewa. A watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya sauke ta a Ikko, jirgin ƙasa ya ɗauko ta zuwa Arewa, kakanninmu suka sa mata suna Marisuwa. An ƙiyasta ta kashe wajen mutum rabin miliyan a Nijeriya. Ta zamaninmu kuwa ita ce korona, wadda ta ɓullo a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, aka fara ganinta a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020. Ba ku manta da mace-macen da aka yi a birnin Kano cikin watan Afrilu na shekaran nan ba. Da aka bincika, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 korona ce sanadinsu. Yawancinsu dattawa ne, waɗanda dama akwai wata cuta a jikinsu. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona, amma ƙwayar ba ta ƙare ba, haka kuma 'yar'uwarta ta Marisuwa, jikokinta suna zagayowa kowace shekara.

Ina ruwan zuciya da ciwon huhu?

Zuciyarka tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannunka. Ka san injin ban ruwa da 'yan noman rani ke girkawa a fadama? To, aikinta ke nan. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, wajen sau 100,000 ke nan a kwana ɗaya, kuma ko kana kwance tana tura jini kamar lita 5 kowane minti, watau ta cika jarka mai lita 20 cikin minti huɗu. Jinin nan sai ya fara bi ta huhu ya ɗauko iskar da a ke kira oksijin, sa'an nan zuciya ta raba shi ga jiki, har da ita kanta.

To, sa'ad da mura ta kama huhu, abu biyu su kan haɗu. Zazzaɓi ya kan sa zuciya ta ƙara sauri, kamar bugu goma a minti ga kowane digiri guda da zafin jiki ya hau. Huhu kuwa ya cika da majina da ruwa, ba ya ba da iska isasshiya. An ƙara wa jaki kaya ke nan, an kuma rage masa harawa. Jakin da ke da ƙarfi ya kan kai gida. Amma zuciyar da hawan jini ya gajiyar shekara da shekaru, ko ta mai ciwon suga, ko ta tsoho, ko ta mai jego, sai ta gurfana a hanya. Abin da ya sami dattawan Kano da yawa ke nan.

Wani lokaci kuma tsokar zuciyar ce da kanta ke kumbura, ko domin ƙwayar ta taɓa ta, ko domin mayaƙan jiki sun yi zafin hannu wajen yaƙi da ƙwayar har sun ji wa gida ciwo. Wannan ba ya duban shekaru. Ya kan kama saurayi majiyi ƙarfi, sau da yawa bayan kwanaki ko mako biyu da fara murar, lokacin da kowa ya ɗauka ya warke. Haka kuma bugun zuciya ya kan rikice, ya riƙa tsalle ba tsari.

Sai kuma daskarewar jini. Ciwo mai tsanani ya kan sa jini ya yi saurin yin guda a cikin jijiya. In gudan ya toshe jijiyar da ke ciyad da zuciya, wani sashe nata ya mutu. In a sha-raɓa ya taru, ya kan ɓalle ya tafi huhu ya toshe shi. In ya tafi ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Likitocin lardin Ontariyo na ƙasar Kanada sun bi sawun wannan, suka buga sakamako a 2018. Sun tarar cikin mako na farko bayan an tabbatar mutum ya kamu da mura mai tsanani, hatsarin toshewar jijiyar zuciya ya kan ninka har sau shida. A Amurka kuma an duba manya fiye da 80,000 da irin wannan mura ta kwantar a asibiti, aka ga kusan mutum ɗaya cikin takwas ya sami wata matsalar zuciya farat ɗaya.

Bari in ba ku labarin wani dattijo daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Mura ta kwantad da shi kwana shida a lokacin kaka. Da zazzaɓi ya sauka sai ya ce aiki na jiransa, ya shiga sussukar dawa, ya kuma yi dakon buhuna zuwa kasuwar Sara. Bayan kwana huɗu ya fara haki. 'Ya'yansa suka ce rashin ƙarfi ne, suka kira wani mai kemis ya ɗaura masa ƙarin ruwa leda biyu. Daren nan bai runtsa ba. Da aka kawo shi wurinmu yana zaune a kan tabarma ya dafa gwiwoyinsa, na ce, "Baba, kwanta in duba ka." Ya ce, "Malam, in na kwanta numfashina ɗaukewa ya ke yi." Na danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Zuciyarsa ta gaza, ruwa ya taru a huhunsa, ga shi an ƙara masa wani a kai. Ban ɓata lokaci ba na rubuta takarda aka wuce da shi babban asibiti, a zaune cikin mota, ba a kwance ba. Ya tashi, amma sai da ya yi mako uku a gado, kuɗin riɗinsa na shekaran nan duk suka tafi can.

Saboda haka ga abin da za ka lura da shi ga mai mura, ko wanda bai daɗe da tashi daga ita ba. Haki yana zaune, ko kasa kwanciya sai an tara masa matasan kai, ko farkawa tsakar dare yana neman iska. Kumburin ƙafafu biyu, ko kumburin sha-raɓa guda mai zafi. Nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa dutsen niƙa, musamman in ya haɗu da gumi mai sanyi ko ya miƙa zuwa hannu ko muƙamuƙi. Faɗuwar gaba ba dalili, jiri, suma. Leɓe ko harshe ya yi duhu, fitsari ya ragu, tsoho ya fara sambatu. Ko ɗaya ka gani cikin waɗannan, kada ka jira gari ya waye, kada kuma ka jira ranar kasuwa da mota ke da sauƙi. Ke kuma uwar goyo, ƙirga numfashin yaro minti guda cur yana natse. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara guda, 50. Daga shekara guda zuwa biyar, 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ɗauko shi.

Abin da jini ke faɗa wa likita

Kafin a kai ga jini, akwai 'yar na'urar da mu ke maƙala wa yatsa, tana nuna yawan oksijin cikin jini. Mai lafiya ya kan nuna 95 ko fiye. In ta sauka ƙasa da 90, mutum na bukatar iskar asibiti, ko da yana ta hira yana cewa shi lafiya lau ya ke. Mun ga irin waɗannan da yawa a zamanin korona. Sai dai hannu mai sanyi da jan farce su kan rikita ta, kuma an gano ta kan ɗan ƙara wa mai baƙar fata maki, don haka ba ita kaɗai mu ke dogara da ita ba.

Yanzu ga awon jini. Na sha jin ana cewa, "Mutum ba shi da lafiya, jininsa ya yi kaɗan, kuma a zo a zuƙe sauran?" Har wasu na raɗa wai sayar da shi a ke yi. Ku kwantad da hankalinku. Abin da a ke ɗiba bai fi cikin ƙaramin cokali biyu ba, a jikinka kuwa akwai wajen lita 5. Wanda ya yi ƙaho ya zubad da fiye da haka.

Awon da ya fi kowane nuna raunin zuciya sunansa tiroponin. Wani abu ne da ke ƙunshe cikin tsokar zuciya, ba shi da aiki a cikin jini. In ka ga gero a zube a kan hanya bayan amalanke ya wuce, ka san buhu ya huje. Haka likita, in ya ga tiroponin ya hau cikin jini, ya san tsokar zuciya ta ji ciwo. Ya kan fara hawa cikin 'yan sa'o'i, ya kan kuma daɗe har mako guda ko biyu kafin ya sauka. Shi ya sa a kan sake ɗibar jinin bayan wasu sa'o'i, don a ga hawa ya ke yi ko sauka. Ba kuskure aka yi a na farko ba, ba kuwa dabarar ƙarin kuɗi ba ce. Amma geron da ke ƙasa ba zai gaya maka ko ƙusa ce ta huda buhun ko ɓera ba. Tiroponin ma ba ya faɗin ko gajiya ce, ko kumburin tsoka, ko gudan jini. Mai ciwon ƙoda ma nasa ya kan ɗan hau. Sai likita ya haɗa da awon bugun zuciya da a ke zanawa a takarda, da hoton zuciya irin na na'urar da a ke duba masu ciki da ita, kana ya yanke.

Me ya sa likitoci ke ba shi muhimmanci haka? A watan Maris na 2020 likitocin wani asibiti a Wuhan suka buga lissafin mutum 416 da korona ta kwantar wurinsu. Mutum 82 jininsu ya nuna raunin zuciya, cikinsu 42 suka rasu, fiye da rabi ke nan. Sauran 334 da bai nuna ba, 15 kaɗai suka rasu. Kada wannan ya firgita ka. Mutanen nan masu ciwo mai tsanani ne ƙwarai, kuma lokacin ba rigakafi, ba a kuma gane maganin da ke taimako ba tukuna. Abin da lissafin ya koya mana shi ne, wanda tiroponin nasa ya hau ba a sallamarsa da ƙwayar tari ya koma gida. Gado za a ba shi, a sa masa ido.

Akwai wani awo da a ke kira bi-en-pi. Shi kuma zuciya ke sakinsa in ta cika ta miƙe fiye da kima, watau in ta fara gazawa. Da shi likita ke rarrabe hakin da huhu ya kawo da wanda zuciya ta kawo, gama maganinsu ba ɗaya ba ne. Da an yi wa dattijon nan na Gwaram shi tun farko, da ba wanda zai matso kusa da shi da ledar ruwa.

Na uku, di-daima, ɓurɓushin gudan jini ne da jiki ke narkarwa. A wani lissafi na mutum 191, shi ma daga Wuhan a 2020, an ga waɗanda nasu ya hau sun fi shiga hatsari. Amma awo ne mai yawan ƙararrawa: ciki, tsufa, rauni, tiyata, duk su kan ɗaga shi. In ya fito ƙasa, hankali ya kwanta. In ya fito sama, alama ce a ƙara bincike, ba hukunci ba ne. Kada ka sayi maganin tsinka jini da kanka saboda shi, gama maganin nan na iya sa zubar jini da ba ya tsayawa.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Si-ar-pi, wanda hanta ke yi, yana nuna ana gobara a jiki, amma ba ya nuna ɗakin da ke ci. Ƙirgar ƙwayoyin jini ta kan nuna wani jinsin fararen ƙwayoyi, masu yaƙi da bairus, sun ragu ƙwarai in ciwon ya yi tsanani. A kan auna aikin ƙoda da gishirin jini, domin in gishirin da a ke kira fotashiyam ya yi yawa ko ya yi kaɗan, bugun zuciya ya kan rikice.

Uku kuwa ana samunsu ko a ƙananan asibitoci da yawa, kada ka raina su: awon zazzaɓin cizon sauro, awon suga, da awon yawan jini. Wanda jininsa ya yi kaɗan, zuciyarsa dama gudu ta ke yi kafin mura ta zo. Ga wani gargaɗi kuma: in awon zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai, wannan bai hana mura ita ma tana nan ba. A ƙasarmu mutum ya kan ɗauki biyu tare. In an sha maganin kwana biyu haki na ƙaruwa, a komo.

Manyan awon nan na zuciya ba na ɗakin shan magani ba ne. In mun ba ka takarda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, tafi da ita ran nan. In likitan can ya ga ya kamata, shi zai tura jinin ko mara lafiyan gaba, asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na san suna da tsada. In kuɗinka bai kai ba, ba abin kunya ba ne ka ce, "Likita, wanne ya fi zama dole yau?" Ya fi ka ninke takardar ka sa a aljihu ka sulale gida. Ka tafi da dukan magungunan da mara lafiya ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a nuna wa likita.

Magungunan da ke ƙara wa zuciya kaya

Ƙarin ruwa kun ji labarinsa. Magani ne ga mai zawo da amai, guba ne ga mai kumburin ƙafa da haki. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen suna riƙe ruwa a jiki, suna wahalad da ƙoda. Farasitamol ya isa ga zazzaɓi. Kada a ba yaro mai mura asfirin. Wasu ƙwayoyin mura masu busar da hanci suna ɗaga hawan jini. Kulorokwin, da aka yi ta wawasonsa a 2020, an gwada shi ba ya maganin korona, kuma in ya yi yawa yana rikita bugun zuciya har ya kashe. Deksametason, da wasu ke sha don ƙiba, babban gwajin da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna yana ceton masu korona da aka sa wa oksijin, amma bai amfani waɗanda ba su kai ga haka ba. Na likita ne, ba na aljihu ba. Kafso kuwa ba ya kashe bairus, sai in likita ya ga wata ƙwayar ta biyo baya.

Ga iyayenmu mata ina da roƙo. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta cewa gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a ƙasar Hausa, suka kuma nuna kunun kanwa da wankan jego mai zafi suna ƙara wa zuciyar nauyi, domin kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. In mai jego ta kamu da mura mai tsanani, a ɗaga mata kanwar nan. In ta fara haki ko kumburi, kada a ce jego ne zai wuce.

Kai mai hawan jini, kada ka ajiye ƙwayarka don kana mura. In amai ko zawo ya haɗu da ita, zo ka tambaye mu. In kuma ana rigakafin korona ko na mura mai tsanani a inda za ka iya samu, kai da mai ciwon suga da tsofaffi da masu ciki ku ne a gaba.

Bayan an tashi fa? Wanda murar ta tsaya masa a ƙirji kawai, ya koma aiki sannu-sannu, ya fara da zagaya gida kafin ya ɗauki fartanya. Amma wanda likita ya ce tsokar zuciyarsa ta kumbura, ba noma, ba dako, ba faskare, ba ƙwallo, har wata uku zuwa shida, sai an sake auna shi an sallame shi. Wannan ya fi shan magani wuya, musamman in damina ta kama. Sai 'yan'uwa su yi masa gayya a gonar.

Mako mai zuwa za mu yi magana a kan mashaƙo, wanda shi ma ya kan bar maƙogwaro ya tafi zuciya. A zo da katin rigakafin yara.